Baƙi 22 da obin guda ɗaya: yadda ake shirya walimar Thanksgiving

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna zaune a unguwar Bronx ta birnin New York. Bana ni aka ɗora wa walimar Thanksgiving, wato bikin godiya na Amurkawa: surukaina, ƙannen maigida da iyalansu, da maƙwabtanmu Amurkawa huɗu, mutum 22 har da yara. Ban taɓa gasa talotalo ba, obin ɗina ɗaya ne, falon ma ba wani girma gare shi ba. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Ki fara da tsayar da lokacin da za a zauna cin abinci, sauran aikin duk daga nan za ki lissafo shi baya-baya. Bikin yana faɗowa ne ranar Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba, kuma a wannan lokaci rana tana faɗuwa a New York wajen ƙarfe huɗu da rabi. Idan kika ce ƙarfe huɗu, ana fara zuba abinci magariba za ta raba taron, a dawo a tarar komai ya huce. Ki sa ƙarfe biyar, bayan an idar da salla.

Sai talotalo. Ƙa'idar da Amurkawa ke bi ita ce laba ɗaya ga kowane mutum, amma su talotalon ne jigon abincin. Ke kuwa akwai shinkafa da miya a teburinki, don haka mai laba 14, wato kilo shida da 'yan kai, ya wadatar, ki ƙara da kaji uku da za ki soya tun ranar Laraba. Kada ki yi sha'awar ƙaton nan mai laba 22. Zai mamaye obin kusan awa biyar, kuma kafin cinyarsa ta nuna ƙirjin ya bushe kamar kilishi. Ki je wurin mahaucin halal mako biyu kafin ranar ki ba da oda, domin a makon bikin sukan ƙare da wuri.

Inda aka fi yin asara shi ne narkar da ƙanƙara. Daskararren talotalo yana buƙatar kwana ɗaya a cikin firij ga kowace laba huɗu zuwa biyar, naki ke nan kwana uku zuwa huɗu. Ki fito da shi daga firiza ranar Asabar da daddare, ki ɗora a tire mai zurfi da ledarsa, ki ajiye a can ƙasan firij yadda ruwansa ba zai ɗiga a kan wani abinci ba. Kada a bar shi a kan kanta ya kwana: fatar za ta ɗumama ƙwayoyin cuta su hayayyafa, alhali cikinsa yana nan kamar dutse. In an makara, a nitsar da shi da ledarsa a ruwan sanyi, ana canja ruwan duk rabin awa. Minti 30 ne ga kowace laba, awa bakwai ke nan a tsaye. Idan ya narke, ki sa hannu ta cikinsa da kuma ta wajen wuya, akwai wuyan da wata 'yar jaka mai hanta da ƙundu. Mutane da yawa sai sun zo yankawa a gaban baƙi suke ganinta. Ki tafasa su da albasa, su ne romonki.

Na san hannunmu ya saba da wanke nama da lemon tsami. Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka tana hana wanke ɗanyen talotalo, saboda ruwan yana fantsama da ƙwayoyin cuta a kan kwanuka da kayan lambu, wuta ce kuma kaɗai ke kashe su. Ki tsane shi da takardar goge hannu. In zuciyarki ba za ta natsu ba sai kin wanke, ki kwashe komai daga kusa da famfon, ki bi wurin da sabulu da ruwan zafi bayan kin gama.

Ranar Laraba da safe ki shafe shi da gishiri ciki da waje, har ƙarƙashin fatar ƙirji: cokalin cin abinci uku na gishiri mai tsakuwa, ko rabin haka in mai laushi ne, tare da citta, tafarnuwa da masoro. Ki duba ledar tukuna. Idan an rubuta cewa an riga an yi masa allurar ruwan gishiri, kayan ƙamshi kawai za ki sa. Ya kwana a firij a buɗe, fatar ta sha iska, shi ke sa ta yi ja ta yi ƙaras-ƙaras.

Ranar Alhamis ƙarfe goma sha biyu ya shiga obin, a digiri 325 na ma'aunin Faranhait, bayan kin shafa masa man shanu. Albasa da lemon tsami kawai za ki sa a cikinsa. Haɗin burodin da suke cusawa a ciki yana jinkirta nuna, gara a gasa shi daban. Zai ɗauki awa uku da rabi zuwa huɗu saura kwata. Da ƙirjin ya yi ja, ki lulluɓe shi da takardar alminiyam. Ki sayi ma'aunin zafin nama, ba shi da tsada, ki soka a tsokar cinya ta ciki ba tare da taɓa ƙashi ba, sannan a kaurin ƙirji: digiri 165 ake nema. Ɗan maɓallin robar da ke zuwa a jikin wasu talotalo, wanda ke tasowa don nuna cewa naman ya nuna, yakan makara. Idan kin sauke, ki bar shi ya huta aƙalla minti 30 kafin wuƙa ta taɓa shi, in ba haka ba ruwan naman a kan faranti zai tsiyaye. A wannan tsakanin ne obin zai ɗumama kaji da sauran abinci.

Shinkafa kilo biyu ta isa, a tukwane biyu, don dafa-duka mai yawa a tukunya ɗaya ƙasanta ke ƙonewa samanta bai nuna ba. Ki juye a kula. Miyar taushe ta dace da lokacin, kabewa ta cika kasuwa, kuma ana iya yin ta tun Laraba. Zoɓo ma haka.

Maƙwabtanki za su tambaya me za su kawo, al'adarsu ce, kuma za su ji daɗi ki faɗa musu kai tsaye. Ki yi musu bayani da sakin fuska cewa ban da naman alade da giya, har wanda ake sa wa a romo ko a haɗin burodi, da kitsen alade a ɓawon kek, da farar alewa mai laushi da suke ɗorawa a kan dankalin Hausa, wadda galibi da sinadarin jikin alade ake yin ta. 'Ya'yan itace da lemo sun fi sauƙi. Ke ma ki tambaye su ko akwai wanda gyaɗa ke tayar wa da ciwo. Wannan ba abin wasa ba ne, yana iya toshe numfashin yaro, ga shi taushe da yajin ƙuli duk gyaɗa ce. In akwai, ki ware masa tukunya da cokalinsa.

Falon zai isa idan aka jera abinci a kan tebur jikin bango kowa ya zuba da kansa, surukai da manya a kujeru, yara a kan shimfiɗa. Ki ware gado ɗaya don ajiye rigunan sanyi, don mutum 22 a Nuwamba tuli ne guda. Ki tanadi wurin salla da tawul na alwala, ki ba mutum ɗaya aikin tsaron murhu duk lokacin da kika fito gaisawa, domin a Amurka babu ranar da gobarar girki ta kai ta Thanksgiving yawa.

Abin da ya rage ya shiga firij kafin awa biyu da saukewa, har shinkafar, a robobi marasa zurfi, naman a zare shi daga ƙashi. Ki sayi robobin da za ki zuba wa baƙi su tafi da shi. A cinye cikin kwana uku zuwa huɗu, ƙasusuwan kuma su zama farfesun ranar Juma'a.