Jirgin ruwa mai ɗakuna zai iya tsallaka Bahar Maliya?

Wa alaikumus salam Malam. Ka ce ka ga irin jirgin nan mai ɗakuna da kicin da ake zama a ciki a kan kogin Nilu, kana so ka san ko za a iya tsallakawa da shi daga tashar Sawakin ta Sudan zuwa Jidda. Gaskiya a'a, don Allah kar ka gwada.

Matsalar daga ƙirarsa take. Ƙasansa a shimfiɗe yake, bai nutse cikin ruwa sosai ba, ga gini dogo a sama, to iska in ta bugo shi ta gefe tura shi kawai take yi, igiyar ruwa kuma ta ɗaga shi ta maka. Bakinsa kusa yake da ruwa, ga manyan tagogin gilas, igiya ɗaya mai ƙarfi ta isa ta fasa su ruwa ya cika ɗakin. Injin ma ƙarami ne, na ruwan kogi, gishiri cinye shi yake yi.

Inda mutane ke ruɗuwa shi ne su ga teku ya kwanta luf da safe su ce ai ba komai. Tafiyar wajen kilomita 300 ce fa, tsakiya ba wurin fakewa, kusa da gaɓa kuma duwatsun murjani ne a ɓoye ƙarƙashin ruwa.

In zama a kogi kake so, bismillah, amma nemi injiniyan jirgi ya duba maka jikinsa kafin ka biya kuɗinsa, ka kuma tambayi hukumar tasha batun takardu. Jidda kuwa, hau babban jirgin fasinja na Sawakin.