Takarda a jakar yaro ba sanarwa ba ce

Ɗana mushe, malamin makaranta, saƙonka ya iso ni bayan la'asar, na saurare shi har sau biyu. Ka ce bara aka ba ka riƙon wata ƴar lakwal, wato makarantar boko, a bakin garin Maradi, kan hanyar Madarunfa. Ka rubuta takardar kiran iyaye ka raba wa yara, ka buɗe zauren WhatsApp, amma ranar taro mutum tara suka zo, huɗu daga cikinsu ma don sun ji ƙishin-ƙishin za a raba kaye, wato littafin rubutu, ne. Yanzu ga Oktoba ta ƙarato, kana tambaya yaya ake yi iyaye su san abin da lakwal ke ciki, kada ranar komawa ka tarar da azuzuwa wayam.

Kada ka ce iyayen ne ba su damu ba. Ni ma haka na ce shekarar da aka fara ba ni direkta a wani ƙauye can wajen Dakwaro. Na zauna na tsara takarda da Faransanci mai kyau, na buga mata hatimi, na sa hannu har da lanƙwasa. Kwana uku bayan nan na aiki yaro sayen ƙosai, sai ga ƙosaina a naɗe cikin takardata, mai ya ci rabin hatimin. Wani dattijo ne ya warware mini. Ya ce, mushe, mu nan takarda mai hatimi daga jandarma take zuwa, ko daga masu haraji, wanda ya gan ta gabansa ke faɗuwa. To ka ji. Ni ina gayyata, su suna ganin sammaci.

Tun daga ranar na daina lissafin takarda nawa na raba, na koma lissafin kunne nawa magana ta shiga, kuma daga bakin wa. Jakar yaro rijiya ce. Abin da ka jefa ciki sai sa'a, balle in yaron na zargin laifinsa ne ka rubuta.

Da ɗan gari kan ci gari. Kafin ka yi kowace shela, ka je gaida mai unguwa da ƙafarka, ka zauna a tabarma, ka bari a gama gaisuwar gida da ta damina, sannan ka faɗi abin da ya kawo ka. Daga nan sai liman. Jimla biyu da zai faɗa bayan sallame sallar Juma'a sun fi takarda ɗari. Sai dai kai ne za ka tsara masa su, gajeru, rana kaza, wuri kaza, don in ka bar shi da dogon bayani zai taƙaita ta inda ba ka so. In akwai malamin makarantar allo kusa da ku, roƙe shi ya rubuta maka sanarwar da ajami ka manna a ƙofar lakwal kusa da ta boko. Za ka sha mamakin yawan masu tsayawa su karanta. Kuma ka yi ta da Hausa. Tun 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa, ba wanda zai ce ka yi ƙauyanci. Faransancin ka ajiye wa rahoton da za ka kai wa insipekta.

Amma duk wannan mazaje kawai ka sanar. Wadda ke tada yaro da safe, ta ɗumama masa tuwo, ta yanke ko yau yarinya za ta lakwal ko za ta ɗauki tallan fura, tana cikin gida, ba ta zo masallaci ba, ba ta ga ƙofar lakwal ba. Nan ne aikin yake. Kowace lakwal ya kamata a ce tana da ƙungiyar uwaye mata, wadda ake kira AME, ban da APE ta iyaye gaba ɗaya. A wurare da yawa sunanta kawai ke cikin rajista. Ka tada ita. Kada ka nemi matar mai kuɗi, nemi wadda ba a suna ko biki a unguwa ba ta je ba, uwar adashi, ko ungozoma. Irin waɗannan in sun ɗauki magana da hantsi, kafin magariba ta shiga gida arba'in. Wata tsohuwa da na yi aiki da ita shekara shida ba ta san harafi ko ɗaya ba, amma ta san kowane yaro da ya isa shiga CI, ajin farko, a unguwar, ta san wanda aka ɓoye. Rajistata a bakinta nake gyara ta.

Zauren WhatsApp ɗinka ban raina shi ba, jikokina ma sun sa ni a ciki. Amma ka tambayi kanka salular tana hannun wa. Sau da yawa tana aljihun maigida, maigidan kuwa yana Kano ko Agadas wajen nema, saƙo ya same shi can, yaro na nan Maradi. Ka riƙa aika murya maimakon rubutu, kada ta wuce minti guda, magana ɗaya tak a kowane saƙo, ka maimaita ranar sau biyu. Ka kulle zauren yadda kai da shugaban kwamitin lakwal kaɗai ke aikawa, in ba haka ba sanarwarka za ta nutse cikin barka da Juma'a da tallan turare. Sakamakon yaro ko bashin da ake bin ubansa kuwa, ko da wasa kada su shiga can. Ka kunyata mutum sau ɗaya a gaban jama'a, ka rasa shi, ka rasa ɗansa.

Ranar taro ma dabara ce. Litinin da Juma'a kasuwar Maradi ke ci, wa zai bar rumfarsa ya zo ya zauna kan bencin yara? Safiya a kaka kuma ta gona ce. Bayan la'asar ka kira maza, mata ka ba su tasu ranar daban, ka fara a kan lokaci ka sallame su kafin kiran magariba.

Yanzu abin da za ka faɗa musu. Ranar komawa, kada ka furta ta sai ma'aikatar ilimi ta tsayar. Ka tuna 2024, ana shirin 2 ga Oktoba, ambaliya ta sa gwamnati ta ɗage zuwa 28 ga wata, lakwal-lakwal da yawa cike da mutanen da gidajensu suka rushe, mu nan Maradi mun ga abin da idonmu. Direktan da ya riga ya yi shela kuma bai koma ya gyara ba, yara suka zo suka tarar da ƙofa a rufe, na gaba da ya kira sai aka ce bari mu ga tukuna. In rana ta canja, duk bakin da ya kai ta farko shi za ka bi ya kai ta biyu.

Sai takardar haihuwa. Wannan ka fara maganarta tun ranar rubuta ƴan CI, ka riƙa maimaitawa har su gaji da kai. Shekara shida ce daga CI zuwa ƙarshen CM2, ajin ƙarshe na firamare, tana wucewa kamar jiya, sai lokacin haɗa takardun jarrabawa uba ya zo yana zufa, a shiga neman hukuncin kotu da shaidu. Ka ware sunayen marasa takarda, ka bi su gida-gida, kada ka karanta su a taro. Kayan aiki kuma ka faɗi gaskiyar abin da ake bukata aji-aji: ɗan CI allon rubutu da alli sun fi masa kaye biyar amfani. Dogon jerin kaya shi ke sa talaka ya ce bari sai an sayar da wake.

Waken nan da gyaɗa, kada ka yi kamar ba ka san da su ba. Komawa lakwal tana faɗowa tsakiyar girbi, kowa ya sani, yaro hannu ne a gona. In ka tsaya kan doka kawai za su ce to, su tafi, ka ga yaran a Nuwamba. Ni abin da nake yi, in ce musu: ku ba ni shi da safe, Asabar da Lahadi naku ne, kuma ƴan CI da ƴan CM2 ban yarda a taɓa mini su ba, na farko don makon farko ne yaro ke sabawa da aji, na biyu don jarrabawa ke gabansu. In an yi ciniki a fili, mutane na cika alkawari fiye da yadda kake zato.

In kana da aji na zana, ka faɗa musu tun kafin su gani, wane aji ne zai zauna ciki, yaushe za a kafa, kara nawa ake so daga kowane gida. Tun gobarar 8 ga Nuwamba 2021 da ta ci yara fiye da ashirin a azuzuwan zana a garin nan, ba uwar da ke jin kalmar rumfa hankalinta kwance. Ka kai su su ga ƙofar fita, su ga ƙananan yara a ajin gini ka sa su, su ji ka hana masu tuya hura wuta kusa. Wannan ba a aika shi ta salula.

Kuɗi kuwa, kada su zama maganarka ta farko, kuma kada su kwana a aljihunka. Aikin kwamitin gudanar da lakwal ne, wato CGDES, da ma'ajinsa da jama'a suka zaɓa. Naka shi ne a gaban taro a rubuta a tabulo: jika kaza ta shigo, jika kaza aka sayi zana, ga rasit, saura dala kaza. A karanta da ƙarfi don wanda bai iya karatu ba. Shekarar da aka yi haka, ta gaba ba ka roƙo.

Abu guda da na fi so ka riƙe. Yawancin iyaye ba sa jin muryar mushe sai ɗansu ya yi laifi, shi ya sa in an ce ana kiranka a lakwal uba ke tahowa da bulala a zuci. Ka karya wannan. Bayan jarrabawar zangon farko, kafin hutun ƙarshen Disamba, kada ka miƙa wa uba takardar sakamako ka ce ɗanka ya samu shida bisa goma, lambar ba ta ce masa komai ba. Kira yaron, buɗe littafi, ya karanta layi uku a gaban ubansa. Na ga wani mahauci, ƙato, ya juya fuska yana goge ido da hannun riga don ƴarsa ta karanta sunansa a allo. Bai sake fashin taro ba, shi ke kawo mana benci ma. Haka in yaro ya yi kwana uku ba ka gan shi ba, kada ka aika ɗan ajinsu, zuwa da kai ya fi aike. Ka yi sallama, ka ce lafiya na ga shiru. Sau da yawa zazzaɓi ne, Oktoba watan sauro ce, wani lokaci kuma in yarinya ce ƴar CM, maganar aure ce aka fara, kuma gara ka ji ta tun tana ɗanya.

Ranar Alhamis in Allah ya kai mu ka biyo ta gida bayan azahar da rajistarka ta bara. Mu ware gidajen da yaransu suka fi fashi, sannan in raka ka wajen mai unguwarku, mun yi zaman lakwal da ƙanensa. Ka taho da goro na dala ɗari, kuma ka bar hatimin a ofis.