Tambayoyin Masu Karatu: Raba hotunan gem masu sheƙi kyauta

Tambaya: Assalamu alaikum. Na zana ƙananan hotunan gem, wato wasan kwamfuta ko waya, a manhajar zane ta Inkscape, ƙwallaye da duwatsun ado da maɓallai, duk suna sheƙi kamar gilashi. Ina so in bayar da su kyauta ga masu haɗa gem don sha'awa. Sai dai abokina da ya gwada su ya ce wani farin zare na fitowa a gefensu. Ina gizo ke saƙar, kuma a ina zan ɗora su?
Wani mai karatu daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya saka da alheri. Farin zaren nan yawanci daga wurin fitar da hoto yake. In ka fitar da shi a kan farin bango sannan ka goge bangon, fiksel ɗin bakin hoton sun riga sun sha fari, da an ɗora su a kan duhu sai su bayyana. Ka sake fitarwa da bango fayau, wato wanda ake ganin abin da ke bayansa, a PNG mai bit 32. Kada ka kusanci JPEG, ba ya riƙe fayau ko kaɗan. Kada kuma ka matse launuka zuwa 256 don fayil ya yi sauƙi, sheƙin zai karye ya koma layi-layi. In zaren ya ƙi tafiya, injin gem ne ke gauraya gefen hoton da launin da ke ɓoye a fiksel ɗin fayau: abokinka ya kunna Fix Alpha Border a Godot, ko Alpha Is Transparency a Unity.

In za ka jera su a faranti ɗaya, wato babban hoto guda da ya ƙunshi dukansu, bar tazarar fiksel 2 aƙalla a tsakani, don kada launin maƙwabci ya zubo. Ka kuma sani faranti mai 2048 sau 2048 yana cin megabait 16 na ƙwaƙwalwar waya idan an buɗe shi, komai ƙanƙantar fayil ɗin.

Abin da na fi so ka kula da shi kuwa shi ne sheƙin kansa. Haske daga wuri ɗaya yake zuwa, a ce sama ta hagu, kuma dukan hotunan su bi wannan. To amma da zarar ƙwallo ta fara mirginawa, farin tabon da ka manna mata zai riƙa juyawa tare da ita, ido kuma nan take yake gane ƙarya. Don haka fitar da jikin ƙwallon daban, sheƙin daban, girmansu ɗaya, misali 128 sau 128. Mai gem ya juya jikin, ya bar sheƙin a tsaye. Haɗa musu da asalin fayil ɗin zanen na Inkscape, wato SVG, su canza launi ko girma yadda suke so.

Wurin ɗorawa: shafin intanet na OpenGameArt ko na itch.io. Amma rubuta "kyauta ne" kawai bai isa ba, mai hankali ba zai taɓa hoton da ba shi da lasisi ba. A cikin lasisin Creative Commons (CC), CC0 na nufin ka yafe komai, irin wanda Kenney, mai raba hotunan gem kyauta daga ƙasar Holan, ke bi. CC BY kuwa sai an ambaci sunanka. OpenGameArt ba ya karɓar lasisin da ya hana kasuwanci. Yi shawara da zuciyarka tukuna, domin lasisin Creative Commons ba a janye shi daga wanda ya riga ya sauke. Saka shi a ɗan fayil cikin zif ɗin, tare da sunan da kake so a ambata.