Sitona ya cika, lu'ulu'una ya ƙare: in karɓi na kyauta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina buga wasan noma na Hay Day a kwamfuta ta BlueStacks (manhajar da ke kunna wasannin waya a kwamfuta), na kai mataki na 27. Sitona kullum a cike yake, ba na iya kwashe madara ko burodi, lu'ulu'un da na tara kuma ya ƙare wajen gaggauta aiki. Wani ya turo min shafin da ke ba da lu'ulu'u dubbai kyauta, sun ce in sa imel ɗina, in tura musu lambar da za ta shigo. Na sa imel, ban tura lambar ba tukuna. Ina tsoron rasa gonar da na yi wata huɗu ina ginawa.

Amsa: Wa alaikumus salam. Kada ka tura lambar nan, ɗan'uwa. Mu fara da sito, sannan mu dawo kan waɗannan mutane.

Cikar sito a matakinka ba ƙarancin wuri ba ne kawai, ajiyar abin da ba ka buƙata ce. Kayan faɗaɗa sito, na rumbu da na fili duk a cikin siton suke zama, kuma kowane faɗaɗawa yana cin guda ɗaya na kowane iri fiye da na baya. Mai tara iri tara a lokaci guda ba zai gama ko ɗaya ba. Zaɓi sito kaɗai: riƙe noti, katako da salatef, ka sayar da ƙusoshi da takardun fili a rumfarka ta bakin hanya. Kayan faɗaɗawa suna faɗowa ne lokacin girbi, shi ya sa ake yawan shuka alkama: minti 2 take nuna, masara 5, karas 10, waken soya 20, rake 30. Idan kana zaune gaban kwamfuta, shuka alkama ka girbe, ka sayar goma goma da araha, ka sa talla ta kyauta a jaridar cikin wasan duk minti 5. Rake da sauran masu jinkiri ka bar su sai za ka tashi. Kada dai ka sayar da irin duka, ka bar na shuka.

Lu'ulu'u kuwa, gaggauta burodin da zai gasu cikin minti 5 asara ce. Inda yake da amfani shi ne ƙara gurbin aiki a injina, musamman na madara da na sukari, domin gurbin ya zauna har abada. Tun mataki na 24 ana buɗe ramin haƙar ma'adinai, kuma lu'ulu'u yana fitowa daga can.

To, batun shafin. Wannan ƙarya ta daɗe tana yawo, kuma abin haushi, wayayyu ma suna faɗawa. Adadin lu'ulu'unka ba a kwamfutarka yake ba. Yana kan kwamfutocin Supercell, kamfanin ƙasar Finland da ya fitar da wasan a 2012, shi ya sa da intanet ta yanke wasan ke tsayawa. Abin da kake gani a allo hoton lissafin da ke can ne. Babu shafi, babu manhaja, babu wani gwanin unguwa da ke gyaran waya da zai iya rubuta lamba a littafin da ba ya hannunsa. Wanda zai iya fasa kamfani irin wannan, me zai yi da imel ɗinka?

Lambar da suka nema ita ce ta shiga Supercell ID, wato asusun da gonarka ke haɗe da shi. Ba a shiga da kalmar sirri. Mutum ya sa imel, a turo lamba 6, wanda ya shigar da ita ya buɗe gonar. Wato su ne suka sa imel ɗinka a nasu ɓangaren, suna jira ka miƙa musu makulli da hannunka. Wasu kuma ba gonar suke so ba: za su ce ka tabbatar kai mutum ne ta hanyar sa lambar waya ko sauke wata manhaja, daga nan katin wayarka ya riƙa zurarewa. Masu sayar da lu'ulu'u rabin kuɗi a WhatsApp su ma haka. Sau da yawa da katin banki na sata suke saye, idan mai katin ya karɓi kuɗinsa, gonarka ce za a rufe. Gyararriyar manhajar da ake cewa komai a buɗe yake, ko dai ba ta haɗe da ainihin wasan, ko tana ɗauke da ƙwayar cuta.

Asalin ruɗanin daga tsofaffin wasannin kwamfuta ne. A Virtual Villagers na 2006, komai yana cikin na'urarka, har mutane kan tura agogon kwamfuta gaba don aiki ya ƙare da wuri. Yana yi, amma sai ka dawo ka tarar yunwa ko tsufa sun kashe 'yan ƙauyen. Wannan dabara ba ta aiki a Hay Day ko kaɗan, domin agogon kamfanin ake bi.

Tunda ba ka tura lambar ba, gonarka tana nan. Goge saƙon, ka canza kalmar sirrin imel ɗin, ka kunna masa tabbatarwa mai mataki biyu, domin duk wanda ya shiga imel ɗin zai ga lambar da kansa. Idan ka sauke wani abu daga shafin, cire shi daga BlueStacks, ka bincika kwamfutar da Windows Security. In kuma wata lamba ta sake shigowa ba kai ka nema ba, ka rubuta wa masu kula da wasan daga sashen taimako na cikin saitin wasan, ba ta wani mahaɗi da aka turo maka ba.