Ga ƙanena mai son karatun wasan kwaikwayo a Jamus: labarin Armin Mueller-Stahl

Assalamu alaikum, ƙanena. Na karanta saƙonka, inda ka ce ka daɗe kana wasan kwaikwayo a gida, kana so ka zo Jamus ka yi karatun wannan sana'a, amma ba ka fara koyon Jamusanci ba, domin an ba ka labarin wani ɗan wasan ƙasar nan, Armin Mueller-Stahl, wanda ya tafi Amurka bai iya Turanci ba kuma ya yi fice. Labarin gaskiya ne, sai dai wanda ya ba ka shi ya faro ne daga ƙarshe, kuma ina tsoron kada ka shirya tafiyarka a kan rabin zance.

An haifi mutumin nan a watan Disamba na 1930 a garin Tilsit, wanda a lokacin yake cikin Jamus, yanzu kuwa yana hannun Rasha da sunan Sovetsk. Mahaifinsa ya rasu a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. Abin da ya fara koyo shi ne gogen Turawa, ya yi karatun kiɗa a Balin, sannan ya shiga makarantar koyon wasan kwaikwayo, aka sallame shi da cewa ba shi da baiwar abin. Bai haƙura ba. A farkon shekarun 1950 ya samu shiga dandali a Balin ta Gabas, daga bisani ya zauna a gidan wasan Volksbühne fiye da shekara 20. Na sha wucewa ta gaban ginin nan, kuma kullum nakan tuna cewa a cikinsa ya koyi duk abin da Amurkawa suka yaba daga baya, wato tsayawa dare bayan dare a gaban jama'a ana furta dogayen jawabai da ka, babu damar a tsayar da kyamara a sake ɗauka.

A Jamus ta Gabas ya zama ɗaya daga cikin 'yan wasan da aka fi so. Ya yi finafinai da kamfanin gwamnati na DEFA, kuma a shekarun 1970 ya fito a wani shirin talabijin mai farin jini a matsayin jami'in leƙen asirin ƙasar. A watan Nuwamba na 1976 gwamnati ta ƙwace wa mawaƙi Wolf Biermann zamansa na ɗan ƙasa yayin da ya je wasa a Jamus ta Yamma. Marubuta da 'yan wasa suka fitar da takardar koke, Mueller-Stahl ya sa hannu. Daga nan aiki ya ƙafe masa, har sai da aka bar shi ya ƙaura zuwa Yamma a 1980, yana dab da shekara 50.

Ka lura da wannan ƙaura ta farko, domin ita ce ta fi kama da abin da zai same ka. Harshe ɗaya ne, birni ma ɗaya ne da katanga ta raba, amma sunan da ya yi a Gabas bai ƙetare tare da shi yadda yake ba. Abin da ya tsallake da shi shi ne iya aiki, kuma shi ne ya sa darakta Rainer Werner Fassbinder ya ba shi babban matsayi a fim ɗin Lola na 1981. A 1985 ya samu lambar ɗan wasan da ya fi kowa a bikin finafinai na Montreal da ke Kanada. Idan wanda Jamusanci ne harshen uwarsa ya sake neman wurin tsayawa a cikin Jamusawa, to mai zuwa daga Kano ko Damagaram ya kamata ya san cewa babu wanda zai tambaye shi yawan masoyan da ya bari a gida.

Sai a ƙarshen shekarun 1980, yana kusa da shekara 60, ya nufi Amurka da Turanci ɗan kaɗan, yana haddace kalamansa da ƙyar. Amma dubi irin matsayin da aka riƙa ba shi. A Music Box na 1989 baƙo ne ɗan Hangare da ake zargi da laifin yaƙi. A Avalon na 1990 Bayahude ne da ya yi ƙaura zuwa Baltimore. A Night on Earth na 1991 direban tasi ne sabon zuwa New York daga Jamus ta Gabas, wanda bai san hanya ba, bai kuma iya tuƙin motar ba, har fasinja ya karɓi sitiyari. Ko a Shine na 1996, wanda ya sa aka sanya sunansa cikin masu neman lambar Oscar, uba ne ɗan ci-rani a Ostareliya. Karin harshensa na baƙo ya dace da mutanen da yake kwaikwayo, shi ya sa ƙarancin Turanci bai kayar da shi ba. Ni a ganina wasansa na direban tasin nan ya fi kowanne taɓa zuciya, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar jirgi ta baƙuwar ƙasa bai san inda zai dosa ba zai gane kansa a ciki.

Dandalin Jamus kuwa ba ya yin wannan sassauci. A nan yawancin manyan gidajen wasa jihohi da birane ne ke ɗaukar nauyinsu, suna da 'yan wasa na dindindin masu albashi, kuma ɗan wasa ɗaya yana iya fitowa a wasanni da dama cikin wata guda, har da tsofaffin rubuce-rubucen Goethe da Schiller, waɗanda Jamusancinsu yakan ba 'yan ƙasa ma wahala. Makarantun gwamnati irin su Ernst Busch a Balin da Folkwang a Essen ba su da tsada, amma ɗaruruwa ne ke neman gurabe 'yan kaɗan a kowace shekara, kuma a gwajin shiga za ka tsaya ne a gaban malamai ka yi jawaban da ka haddace da Jamusanci. Karatun yakan ɗauki kusan shekara 4. Dole kuma in gaya maka cewa baƙaƙen 'yan wasa da aka haifa a ƙasar nan sun daɗe suna kokawa a kan yadda ake yawan ba su matsayin ɗan gudun hijira ko mai laifi, kodayake ana samun sauyi a hankali.

Mueller-Stahl ya dawo ya fito a matsayin marubuci Thomas Mann a talabijin ɗin Jamus a 2001, bikin finafinai na Balin ya karrama shi da lambar girmamawa a 2011, sannan ya fi mayar da hankali ga zanen hotuna, abin da ya daɗe yana yi a gefe.

Don haka, ƙanena, kada ka bar wasan da kake yi a gida, ka riƙa adana bidiyon ayyukanka masu kyau, kuma ka fara darasin Jamusanci tun yanzu, ko a cibiyar Goethe da ke Legas ko ta intanet. Idan ka kai matakin B1, wato matsakaicin mataki na iya harshen, ka rubuto mini, mu duba sharuɗɗan kowace makaranta da iyakar shekarun da take karɓa, sannan mu yi maganar biza da kuɗin da ake buƙatar ka ajiye a banki. Ka gaida mutanen gida.