Tun da ya dawo daga Abijan, hannunsa ke rawa da safe

Assalamu alaikum Gwaggo,

Daga Tawa, a nan Nijar, nake rubuto miki, don Allah ki sakaya sunana. Maigidana ya daɗe yana zuwa cin rani Abijan, bara ya dawo ya sayi babur yana kabu-kabu. Yawan cin goro da fesa turare da yake yi da dare bai dame ni ba, sai ranar da na tsinci ƴan kwalaben giya a ƙasan buhun gawayi. Kuɗin cefane da yake ba ni jaka biyu, yanzu da ƙyar nake ganin dala ɗari. Da asuba in na miƙa masa shayi, kofin har kaɗawa yake a hannunsa, ba ya natsuwa sai ya fita ya dawo. Ya sha rantsuwa cewa ya daina, kwana biyu ya koma. In mahaifiyarsa ta tambaya sai in ce masassara ce. Ƙawata ta ce in zubar da kwalaben, in kulle shi a ɗaki kwana uku. Ina tsoron tonon asiri, ina kuma tsoron ranar da za a kawo mini shi a kwance. Ina mafita?

Ɗiyarki, Tawa

Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah ya ba ki ladan haƙuri.

Kada ki kulle shi, don girman Allah. Rawar hannun nan ta safe alama ce jikinsa ya riga ya kamu da giya. Wanda ya kai nan, in ya yanke sha farat ɗaya, cikin awa 6 zuwa 24 gumi da karkarwa suke taso masa, wani ya faɗi da jijjiga kamar mai farfaɗiya, a kwana na biyu ko na uku ya gigice yana ganin abin da babu. Ana mutuwa a haka. Shi ya sa rantsuwarsa ba ta wuce kwana biyu. Likita na da maganin da ke kwantar da wannan har a fita lafiya. Ku je babban asibitin jihar Tawa, in an tura ku sashen ƙwaƙwalwa kada ki ji an ce mijinki mahaukaci ne, su ne masu wannan aikin. A auna masa hanta, har da ciwon hanta nau'in B, don yana da yawa a ƙasarmu, kuma giya na ƙara masa wuta. In kin ga idonsa ya yi rawaya, cikinsa ya kumbura ko ya yi aman jini, kada ki jira gari ya waye.

Masassarar da kike faɗa wa surukarki kuwa, ki bar ta. Rufin asirin nan shi ke ba shi filin ci gaba. Ba na ce ki shelanta a unguwa ba. Ki zaɓi mutum ɗaya mai riƙe magana wanda yake jin nauyinsa, yayansa ko limaminku, ku zauna da shi lokacin da yake cikin hayyacinsa. Ki faɗa masa abin da idonki ya gani: kwalaben, kofin shayin, kuɗin cefanen. Ban da gori. Manzon Allah (SAW) ya hana a la'anci wani sahabi da aka sha kamawa da shan giya, ya shaida cewa yana son Allah da ManzonSa.

Babur ɗin ne ya fi tayar mini da hankali, don ɗiyan mutane yake ɗauka. Yayansa ya riƙe makullin har a ga likita. In kuma ya taɓa ɗaga miki hannu a buge, ki kwashi yaranki ki tafi gidanku a daren, maganar sulhu sai da manya a zaune.

Gwaggo