Kai kaɗai ko da ɗan hannu? Amsa kan faskaren iccen sanyi

Jiya da la'asar ka tsare ni a bakin tarin icce da tambaya, ga masu saye sun taru, ban samu na ba ka amsa yadda ya kamata ba. Ka ce wani Alhaji a unguwar Zariya ta nan Maradi ya sa an sauke masa amalanke biyu na gungume, yana so a faskara saboda tsohuwarsa, wadda ba ta runtsawa in sanyi ya sauka sai an hura mata wuta. Ya yi maka jika shida, wato sefa dubu shida. Kana so ka ji ko ka tafi kai kaɗai ka cinye kuɗin, ko ka ɗauki abokinka ku raba. Ka kuma ce gatarinka yana yawan maƙalewa, har ka fara zargin maƙeri.

Na tambaye ka wane irin icce aka sauke, ka ce ba ka duba ba. To ɗana, nan gizo ke saƙa. Ka yanke lada a kan abin da idonka bai gani ba. Amalanke biyu na sabara da kalgo da geza, yaro kamarka zai gama su kafin azahar, har ya yi wanka ya tafi kallon ƙwallo. Amalanke biyu na busasshen marke ko ƙirya kuwa, ka kwana uku kana sara, hannunka ya yi kanta ya fashe, ba ka ci rabi ba. Iccen ne ke faɗa maka mutum nawa yake buƙata. Saboda haka kafin ka yi maganar aboki, ka koma gidan ka duba.

In ka je, ka ɗaga gungume ɗaya ka ji nauyinsa, ka ƙwanƙwasa shi da ƙeyar gatari. Busasshe yana amsawa da ƙara, ɗanye sai ka ji dum kamar ka bugi buhun gero. Ƙirya za ka gane ta da jan ciki mai duhu da nauyi kamar dutse. Ba banza maƙera ke neman gawayinta ba, masassaƙa kuma suke yin turmi da ita. Marke da bagaruwa su ma akwai tauri, amma garwashinsu yana kai mutum asuba. Bedi, wanda mutanen ƙetaren iyaka ke kira darbejiya, shi ne ya cika gari, kuma yawancin abin da ake sassabewa a cikin gidaje shi ne. Ba shi da taurin ƙirya, sai dai jijiyoyinsa a sarƙe suke, ka sara ya buɗe baki amma ya ƙi rabuwa, zare-zare na riƙe da shi. Ina kyautata zaton irin wannan ne ke kama maka gatari, maƙerin nan ba shi da laifi.

Abin da yara ba sa yarda da shi sai sun sha wahala: irin waɗannan itatuwa masu tauri sun fi saurin tsagewa tun suna ɗanye. Da sun bushe sun ƙanƙame, gatari sai ya riƙa tsalle a kansu. Amma ɗanye ba ya ba da ɗumi. Iccen da aka sare yau, wani kusan rabin nauyinsa ruwa ne, wutar kuma sai ta gama dafa ruwan nan kafin ta waiwayi mai jin sanyi. Shi ne za ka ji yana tsuwa, kumfa na fita ta ƙarshensa, hayaƙi ya turnuƙe ɗaki. Don haka ake faskarawa da wuri a shanya. Gungumen da ba a buɗe ba ya yi watanni cikinsa da danshi, wanda aka tsaga kuwa iskar hunturun nan tamu tana shanye shi cikin 'yan makonni. Iccen da za a ji ɗumi da shi a Disamba da Janairu, da kaka ya kamata a faskara shi, ana gama yankan gero. Alhajinka ya makara. In ɗanye ne aka kawo masa, ka faɗa masa gaskiya tun kafin ka ɗaga gatari, kada gobe tsohuwa ta kwana tari a ce kai ne.

Yanzu saran kansa. Kai matsalarka kana sara da fushi. Na sha kallonka, kana ɗaga gatari har bayanka ya lanƙwashe, ka dirka shi a tsakiyar gungume, inda ya fi ko'ina ƙarfi. Ka juya iccen tukuna. Kowane gungume yana da tsaga a bakinsa, ko da siririya ce kamar gashi, kuma ita ce ƙofar da ya bar maka. Daga nan ake farawa, daga baki, a bi layin nan sara bayan sara har tsagar ta yi tafiya da kanta. Babba kuwa ba a raba shi biyu tashi ɗaya, ana ɓantarar gefe ne ana zagayawa har ya rame. Inda reshe ya fito, wato gaɓa, kada ka sare ta a kai, jijiyar wurin a murɗe take. Ka tsaga ta gefenta, in ta ƙi ka bar ta dunƙule. Irin wannan dunƙulen ma shi ne na kwana, a tura shi cikin wuta bayan isha ya yi ta ci a hankali.

In gatari ya maƙale, kada ka riƙa murɗa ƙota hagu da dama, haka ake fasa kan ƙota. Ka buga ƙasan ƙotar da tafin hannu sama da ƙasa, ko ka sa guntun ƙarfe mai baki a cikin tsagar ka doka da guduma, bakin ya buɗe ya saki. Ni tsohon sifirin mota na kai wa maƙeri ya yanka mini guda uku, da su nake aiki shekara da shekaru. Ka kuma shimfiɗa wani icce a ƙarƙashin wanda kake sara. Ƙasarmu yashi ce, sara biyu a cikinta ya isa ya dakushe kaifin da ka ɓata safiya kana wasawa.

Sai maganar ƙafa. Na gan ka kana take gungume da ƙafar hagu, da silifa, kana sara kusa da yatsu. Manya na yi, na sani, ni ma na yi. Ka je ka ƙirga yatsun tsofaffin masu faskare na garin nan ka dawo mu yi magana. Ka buɗe ƙafafu, ka tokare iccen da wani gungume, yadda in gatari ya kuɓuce ƙasa zai sara. Kafin ka rungumi busasshen icce kuma ka buga shi da ƙasa, kunama na son kwana ƙarƙashin ɓawo.

To, kai kaɗai ko da wani? In icce ƙanana ne, tafi abinka. In manyan gungume ne masu tauri, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ka nemi ɗan hannu. Sai dai ka gane me ake nufi da ɗan hannu. Yara sun ɗauka taimako shi ne a zo da gatari biyu a tsaya fuska da fuska ana gasar sara. Ni na yi haka da ƙanena muna samari, a wani gida can wajen unguwar Mokoyo, cikin tsakiyar ɗari. Ka san gatarinmu, wutsiyar ƙarfen ce ke shiga ramin da aka huda a kan ƙota. Da hunturu ƙota tana bushewa, ramin ya saki. Na fizgo gatari daga cikin icce na ɗaga, ashe ƙarfen ya riga ya yi lako-lako. Sai ji na yi ƙota ta yi sakayau a hannuna. Ƙarfen ya wuce ta gefen kunnensa ya kafe a jikin katangar ƙasa, har yau ina ganin ƙurar da ta zubo. Da ya matsa taki ɗaya, da wani labarin ake yi. Tun ranar ba na barin kowa ya tsaya gabana ko bayana in ina sara, kuma kowace safiya sai na girgiza ƙarfen da hannu na ji. Wasu na jiƙa kan ƙota cikin ruwa ya kwana. Yana kamawa, amma na yini ɗaya ne, ƙotar da ta saki canza ta ake yi.

Aikin ɗan hannu shi ne ya mirgino gungume, ya kwashe faskararre daga ƙarƙashin ƙafarka, ya jera, ya kori yaran gida da ke zuwa kallo. Gatari ɗaya ke aiki, kuna karɓa-karɓa, wanda ya gaji ya koma jera. Mutum biyu a haka sun fi uku masu sara barkatai, don yawancin raunin da na gani a sana'ar nan bayan gajiya ta kama mutum yake zuwa, wajen ƙarshen aiki, lokacin da ake cewa bari in ƙarasa wannan ɗaya. In da zarto babba ne na yanka gungume, shi kam dole mutum biyu, kowa ya ja nasa, kada ya tura. Kuɗi kuma ku yanke yadda za ku raba tun a hanya.

Ka tuna wannan iccen na ɗumi ne, ba na tukunyar biki ba. Ka yanka gajeru, kamar kamu ɗaya, yadda za su zauna cikin kasko, ka ware sirara na kunnawa gefe guda. Ka kuma ja kunnen mutanen gidan: a hura wutar a tsakar gida, sai ta zama garwashi a shigar, a bar taga ko ƙofa a ɗan buɗe, kuma a fitar da kaskon kafin a yi barci. Garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Mutum ya ji kansa na sarawa, jiki ya mutu, barci ya ɗauke shi, shi ke nan. Tsoho da jariri ta fi saurin kayarwa.

Wani abu kuma da za ka duba: in ka ga ɗanyen gawo a cikin tarin, ka tambayi daga ina. Gawo na cikin itatuwan da doka ta hana sarewa ba izini, kuma ma'aikatan gandun daji ba sa tambayar wa ya saya, wanda suka tarar da gatari suke fara kamawa. Ga shi iccensa ba nauyi, fuu ya cinye. Da muna yara manyan gungume daga dajin Baban Rafi ake kawo su, can kudu wajen Madarunfa. Yanzu dajin ya ja baya, ga kuma rashin tsaro a bakin iyaka. Abin da ya rufa mana asiri shi ne sassaben zamani, wanda ya bazu a ƙasar Maradi bayan yunwar 1984: manomi ya bar kututture ya yi toho, ya zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi ya raina, ya rage sauran. Yawancin sabara da kalgon da kake gani a kan amalanke daga gonaki suke fitowa ta wannan hanya, shi ya sa ba su da kauri, adda ma ta ishe su.

Gobe bayan sallar asuba ka biyo ta nan da gatarin in duba ƙotar, na ga kamar ta fara tsagewa ta wajen rami. Daga nan mu wuce Zariya tare in ga iccen. In ƙirya ce ko marke, jika shida ba ta yi ba, ni zan yi wa Alhaji magana, kai ka yi shiru. Ka kuma nemo rufaffen takalmi ko na aro ne, da silifan nan ba za ka bi ni ba.